Mai Akwati da Ƙusar Malama

A unguwarsu babu mai kiransa da wani suna sai Mai Akwati. Baƙo in ya ji sunan sai ya ɗauka kafinta ne, ko mai sayar da jakunkunan tafiya. Ko ɗaya. Akwatin da yake ƙerawa na ƙarfe ne, dogo siriri, wanda ake kafawa a bangon banɗaki domin ya adana naɗin tishu, ɗaya bisa ɗaya, ya kuma miƙa wa mutum daidai abin da yake bukata a lokacin da yake bukatarsa. Aikinsa ke nan tun gashinsa yana baƙi har ya yi furfura. In ka ce masa ƙaramin aiki ne ba zai yi gardama da kai ba. Zai dai tambaye ka ko ka taɓa miƙa hannu a banɗakin mutane ka ji wayam.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne da tef a aljihu. In suka je gaisuwa gidan mutane shi da matarsa, kafin a kawo ruwa ya nemi izinin kewayawa. Ba larura ba ce. So yake ya ga inda suke ajiye tishunsu. A hanyar komawa gida sai ya fara girgiza kai.

"A kan tankin masai suka ɗora shi, Malama. A bayan mutum! Sai ka murɗe ƙugu kamar mai neman wanda ya kira shi."

"To ka koma ka faɗa musu mana," in ji matar, wadda malamar firamare ce, ta kuma saba da yara masu surutu a kan hanya.

Tanki dai yana iya yi masa uzuri. Abin da ba ya yafe wa shi ne ƙusa, irin wadda ake bugawa a bango a zura mata naɗi a ce an gama. Gabarsu ta samo asali tun ranar da ya je neman aiki yana saurayi, a wani ɗan kamfani mai ƙera maratayin tawul da mazubin sabulu. Yana cikin layi fargaba ta murɗa masa ciki, ya faɗa banɗakin ma'aikata. A can tishu a jikin ƙusa yake, ƙusar kuma ta ɗan sunkuyar da kai. Yana ja, naɗin ya zame, ya dira ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya yi gaba. Shi kuwa yana zaune riƙe da bakin takardar, yana jin tafiyarta a yatsunsa. Ta bi baranda, ta gangara matakala, ta ratsa tsakanin ƙafafun masu jira, ba ta tsaya ba sai a takalmin mai kamfani. Mai kamfani mutum ne mai son ganin tushen kowane abu. Ya sunkuya ya ɗauka, ya biyo farar hanyar yana naɗewa har ƙofar banɗaki, ya ƙwanƙwasa.

"Wa ke ciki?"

"Mai neman aiki ne, ranka ya daɗe."

"Me ka iya?"

Sai murya ta fito a hankali: "Ko ban iya komai ba, zan iya hana wannan sake faruwa."

"To fito ka wanke hannu ka fara."

Aka ba shi wani ɗaki a bayan kamfanin, da teburin ƙarfe, da almakashin yanka kwano, da injin lanƙwasa, da gwangwanaye cike da sukuru da sifirin. A tsakiyar ɗakin ya ajiye masai na tangaran, sabo fil, wanda ba a taɓa haɗa shi da bututu ba, ya tsayar da allon katako a gefensa a matsayin bango. A nan yake gwaji. Zai zauna da kayansa tsaf, ya sa abokin aikinsa, wani dogo mai bakin tsiya da ake kira Mai Walda, ya ɗaure masa hannu ɗaya a baya da tsumma. A cewarsa ba a taɓa yin mutumin da yake da hannu biyu a sake a banɗaki ba: ɗaya yana riƙe da riga, ko waya, ko ƙofar da sakatarta ta lalace. Wani lokaci har ido ake ɗaure masa, saboda ɗaukewar wuta. Direbobi masu kawo kaya in suka leƙo suka ga dattijo a kan masai, hannu a ɗaure, ido a ɗaure, yana laluben katako, sukan ja da baya a hankali su nemi wata ƙofar.

"An hau kujerar mulki," Mai Walda zai ce. "A yi mana adalci, ranka ya daɗe."

"Ɗaure da kyau, kai. Jiya sako-sako ka yi, har na ci amanar gwaji."

Ɗakin yana da ƙa'ida guda wadda ta girmi yawancin ma'aikatan kamfanin. A farkon zuwansa mai kamfani ya shigo ya tarar da tarin takarda a ƙasa, ya ce shi bai ɗauki mutane don su ci tishu ba. Daga ranar, in za a yi gwaji sai a ja takarda, a auna tsawon da ta fito, a yi mata ɗan alama da fensir, a naɗe ta a mayar. Ba a yagawa. Haƙoran akwatin, masu yanke takarda, da tsohuwar jarida ake gwada su. Mai kamfani ya rasu, ɗansa ya gaje shi, babu wanda ya sake zancen ƙa'idar, amma babu wanda ya karya ta. Saboda haka naɗi ukun da aka fara da su, su ne dai har yanzu. Har sunaye gare su. Akwai Dattijo, wanda shi ne ainihin wanda ya gangara matakala, marigayi ya naɗe shi da hannunsa. Akwai Gurgu, wanda Mai Walda ya taɓa zama a kansa kwalin tsakiyarsa ya lotsa. Sai Auta. A gwangwanin biskit suke kwana. Shekaru da hannaye sun mayar da su launin shayi mai madara, sun yi laushi kamar tsohon zani, cikin kwalinsu kuma ya goge har yana sheƙi.

A ɗakin nan babu akwatin da ya taɓa ba shi kunya. Ka taɓa takarda da yatsa biyu, ta biyo ka salin alin, ta tsaya inda ya kamata. In aka sayi akwati shi yake zuwa kafawa da kansa, da Dattijo a jaka. Ya huda bango, ya ɗaure, ya sa Dattijo, ya kira mai gida ya shaida. Mai gida ya ja, ya yi murmushi. Sai Mai Akwati ya naɗe Dattijo ya mayar jaka, ya zuba sababbin naɗi daga kanti, ya kulle, ya miƙa mabuɗi, ya yi sallama. Kafin ya isa kamfani waya ta riga shi. Wani ya ce akwatin ɗan ƙyalle yake bayarwa kamar farce. Wani ya ce gurnani kawai yake yi. Wata mata ta ce ta ja da ƙarfi, akwatin ya ja shi ma.

Bai taɓa rasa bayani ba. Bangon ne yake da danshi. Ginin ne ya karkace. Mafi yawa dai, mutane ne ba su iya ja ba. "Fizga suke yi," yakan ce, "kamar masu ƙwace." Ɗan mai kamfani ya bar shi yadda ake barin tsohon agogon bango da aka gada, tunda maratayin tawul suna tafiya. Akwatunan kuma kyawawa ne, ana saye. Wasu suna ajiye sabulu a ciki, wani mai masauki yana zuba makullan ɗakuna. Tishun kuwa sai a buga masa ƙusa a gefe. In ya ga haka yakan yini bai ci abinci ba.

Wadda ta fi kowa ɗanɗana aikinsa ita ce Malama, domin duk sabon samfuri a gidansu yake fara kwana. An yi mai feda, wanda in ka taka da ƙafa yake harbo naɗin gaba ɗaya ya daki ƙofa. An yi mai ƙararrawa, wanda yake kaɗawa in takarda ta kusa ƙarewa, har maƙwabta suka san halin da gidan yake ciki. An yi wani mai murfi da yake kama hannun riga. Bangon banɗakin ya cika da huji, layi-layi, har hasken kicin yana shigowa ta wasu. 'Ya'yansu sun girma sun watse, amma har yau kowannensu ba ya fita sai da tishu a aljihu, ba sa kuma iya faɗa wa abokan zamansu dalili.

Wata safiya yana shan shayi, Malama ta zo ta ajiye wani abu kusa da kofinsa. Ƙusa ce, doguwa, sabuwa, mai ƙaton kai.

"Mene ne wannan a kan teburina?"

"Ka fi kowa saninta. Yaya za ta zo ta yi jinya a nan, an yi mata aiki a gwiwa, gidanta kuma bene ne. Ni na saba, yara sun saba. Amma Yaya ba za ta zauna da ɗinki a ƙafa tana kokawa da gwangwaninka ba."

"Ba gwangwani ba ne. Sabon da na gama..."

"Na sani, shi ne na ƙarshe. Na baya ma shi ne na ƙarshe. To ka ji, Injiniya." In ta ce Injiniya, ya san ba wasa. "Ka kafa shi. Daga ranar da ta shigo har ranar da za ta tafi, ba ka taɓa shi, ko da gefen riga. In ta kira ni daga ciki sau ɗaya, ɗaya tak, ta ce in miƙo mata tishu, da hannuna zan cire shi in buga wannan. Kuma an gama huda mini bango har abada."

Ya dubi ƙusar, ƙusar ta dube shi. A gidansa, a banɗakinsa, inda abokai za su zo su gani. Ya ce ya yarda.

Ranar da za ta zo ya tashi da wuri ya kafa akwatin. Saboda girman lamarin bai tsaya ga Dattijo kaɗai ba, ya zo da Gurgu da Auta, ya jera su ciki don ya ga yadda na sama zai gangaro in na ƙasa ya ba da wuri. Ya ja, ya auna, ya naɗe. Ya sake ja. Abin kamar ruwa. Yana shirin fito da su ya zuba na kanti sai ya ji ƙahon mota a ƙofar gida, tun kafin lokacin da aka ce. Ya fito da sukurudireba a hannu ya tarar Yaya ta riga ta shigo tsakar gida, tana dogara sanda, Malama tana riƙe da jakarta.

Yaya babbar mace ce mai babbar murya. Ta yi shekaru tana riƙe da sito a wata makarantar kwana, ta kuma yi ritaya da ɗabi'a guda: duk mabuɗin da ta gani a jikin ƙofa ko kwaba, nata ne. Tana da zobe mai faɗin munduwa da take ɗaurewa a bakin zani, in tana tafe sai ka ji ta kafin ka gan ta.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya jiki? Ya hanya?"

"Hanya da tsawo, direban nan kuma bai san tsayawa ba. Matsa mini, Mai Akwati, gaisuwa sai na fito."

Ta wuce shi ta shige banɗaki ta ja sakata.

Ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi. Malama ta tsaya a bayansa, ta harɗe hannu, tana jiran a kira ta. Can sai suka ji ɗan sautin juyawar naɗi, sumul, babu gurnani. Fuskarsa ta fara washewa. Sai kuma aka ji wani sauti da bai taɓa ji daga jikin Dattijo ba tun da yake: kyat! Haƙoran sun yi aikinsu. Mai Akwati ya dafa bango.

Yaya ta fito tana goge hannu, zobenta ya ƙaru da ɗan mabuɗi guda.

"Wane sakarai ne yake barin mabuɗi a jikin abu? Na kulle, na adana. In ya ƙare ni zan zuba, ku nuna mini inda kuke ajiyewa." Ta juya ga ƙanwarta. "Ke kuma kin cika ƙorafi. Abin nan lafiya lau yake. Tishun ma mai laushi, har da 'yan lambobi a jiki. A ina kuke samu?"

"Na musamman ne, Yaya," in ji shi, da muryar da ba tasa ba.

Kwanakin da suka biyo baya, bai taɓa jin daɗi da baƙin ciki a haɗe irin nasu ba. Karo na farko a rayuwarsa akwatinsa yana aiki a hannun wani, a gidan gaske, a bangon gaske. Karo na farko kuma Dattijo yana ramewa. Akwatin yana da ɗan gilashi a gaba, sai ya shiga ya goya hannu a baya don kada ya karya sharaɗi, ya sunkuya ya leƙa. Kullum ya tarar an rage. Ga shi Yaya ta zo da mura. Da tishun take fyace hanci, da shi take goge tabarau, da shi take naɗe 'yan kunnenta in za ta kwanta.

"Yaya, ga hankici na saya miki, mai kyau."

"Ka ba matarka. Ni wancan nake so."

"Ai likitoci sun ce yawan fyace hanci..."

"Kai likita ne ko maƙeri? Rowar takarda za ka yi mini a gidan ƙanwata?"

Ya je ya sami Malama a kicin, ya rage murya. Ya ce a ba shi izini ya buɗe sau ɗaya, ba gyara zai yi ba, wani abu zai ɗauko. Ta ce mabuɗi yana ƙugun Yaya, in ya isa ya je ya kwanto. In kuma ya kwanto, ƙusa tana cikin aljihun tebur.

Ranar da ya leƙa ya ga Gurgu ya gangaro, ya tarar da kwalin Dattijo a kwandon shara, tsirara, yana sheƙi. Ya ɗauke shi ya sa a aljihun gaba, ya tafi aiki. Mai Walda da ya ga kwalin ya cire hula. Ko tsiya ɗaya bai yi ba, har wajen azahar.

Aiki kuma ba ya jira. Akwai akwatunan da za a gwada, gwangwanin biskit kuwa wayam. Dole Mai Walda ya tsallaka kanti ya sayo sabon naɗi, fari tas, a cikin leda. A tsawon zamansu wannan ne karo na farko da sabon tishu ya shiga akwati a cikin ɗakin nan. Mai Akwati ya hau masai, aka ɗaure masa hannu, ya miƙa yatsa biyu. Bakin takardar a manne yake. Ya ɓanɓare da farce, ya ja. Ɗan ƙyalle ya biyo shi, kamar farce. Ya sake ja, akwatin ya yi gurnani. Suka sauke shi suka ɗora wani, wanda ya yi shekaru yana aiki ba laifi. Shi ma gurnani. Suka bi na kan kanta ɗaya bayan ɗaya, har mai ƙararrawa. Babu wanda ya ba da abin kirki.

Suka dubi juna. Mai Akwati ya ciro kwalin Dattijo ya zura yatsa a ciki: santsi. Ya zura a cikin sabon: kaushi, ga naɗin a ɗaure tamau kamar dutse, ga nauyi. Duk sifirin da ya taɓa ɗaurewa, duk tazarar da ya taɓa aunawa, da jikin tsofaffin nan uku ya auna. Bango bai yi danshi ba. Mutane ba su fizga ba.

"Shi ke nan an gano," in ji Mai Walda. "Sai a sassauta sifirin, a ƙara wa sandar tsakiya..."

"A sassauta me?"

"Sifirin mana. Tunda tishun duniya duk irin wannan ne."

"Kai ba ka ji abin da Yaya ta ce ba? Lafiya lau. Akwati ya yi daidai, an shaida. Takardar ce ɗanya." Ya ɗaga sabon naɗin yana juya shi da ƙyama. "Daga injin ta fito, babu wanda ya koya mata komai. Ko na so ma, na gida ba ni da ikon taɓa shi. Gurgu ba zai daɗe ba, Auta kuma ka san shi, ba shi da jiki. In suka ƙare Yaya za ta buɗe kwaba ta zuba irin wannan. Daga nan sai ta ƙwala wa Malama kira."

"To yanzu me za mu yi?"

"Sharaɗi ya ce kada in taɓa akwati. Bai ce kada in taɓa kwaba ba. Kwance mini hannu."

Abin da ya ɗauki shekaru, dole su yi shi cikin 'yan kwanaki. Suka sayo tishu buhu guda. A filin bayan kamfani, inda ake shanya maratayin tawul in an yi musu fenti, Mai Walda ya zura sandar tsintsiya a naɗi ya riƙe, Mai Akwati ya kama baki ya yi ta ja da baya har katanga, sannan ya dawo yana naɗewa sako-sako. A sake. A kuma sake. Iska ta taso ta ɗaga farar takarda ta naɗe wa mai gadi wuya. Cikin kwali suka goge shi da guntun kyandir har ya yi santsi. Don laushi kuwa, Mai Walda ya ba da shawarar a bi hanyar da Gurgu ya bi, suka jera naɗin a benci suka zauna a kai suna cin abincin rana. Ɗan mai kamfani ya leƙo ta taga, ya daɗe yana kallo, ya rufe tagar a hankali.

"Wannan ya nuna?" Mai Walda zai tambaya, yana matsa ɗaya kusa da kunne.

"Da saura. Ba ka ji yana ƙara ba? Ƙara masa zagaye."

Waɗanda suka ci jarrabawa a kan masai ya yi musu 'yan alamu da fensir, tunda Yaya tana son lambobi, ya kai gida a jakar aiki. Ya faki idon mutane ya kwashe na kwaba ya jera nasa. Malama ta buɗe kwabar da yamma za ta ɗauki sabulu, ta tsaya. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina.

"Me ya sami tishun nan? Kamar an ƙwato shi daga hannun 'yan dambe. Kuma warin kyandir yake."

"Sabon samfuri ne."

"Injiniya."

"Na taɓa akwati?"

Ta dube shi irin kallon da take yi wa yaron da ya kawo aikin gida da rubutun babansa. Ta mayar ta rufe kwabar.

Auta ya ƙare wata ranar da rana tsaka. Suna zaune suka ji ƙarar makullai ta nufi kwaba, ta koma banɗaki. Aka buɗe akwati, aka zuba, aka kulle, aka ja sakata. Malama ta ajiye jan biron da take duba littattafan yara da shi. Mai Akwati ya dafe aljihun da kwalin Dattijo yake ciki. Aka ɗan jima. Sai sautin juyawa, sumul. Kyat.

Babu wanda aka kira, ranar ko bayanta.

Da gwiwa ta warke, Yaya ta haɗa kayanta. A bakin mota ta kwance zobenta, ta daɗe tana laluben ɗan mabuɗin, ta cire shi da kyar kamar mai cire haƙori, ta damƙa wa ƙanwarta.

"Mijinki ya iya aiki, ki daina raina masa. Kai kuma, Mai Akwati, ina son irinsa a gidana, sama da ƙasa. Maƙwabciyata ma za ta so, na riga na faɗa mata a waya. Amma da irin tishun nan za ka riƙa aiko mana, mai lambobi. Kada ka kawo mini na kanti."

"In Allah ya yarda, Yaya."

Mota ta tashi. Malama tana ta murmushi har suka shiga gida.

Akwatin yana nan a bangon banɗakinsu har yau. An toshe sauran hujin da siminti an yi fenti. Labari ya bi ta bakin Yaya, yanzu gidajen da suke amfani da akwatinsa sun ƙaru, kuma kowane gida shi yake kai masa takarda. Sifirin dai bai sassauta ba, ya ce ba zai ɓata abu mai kyau don ya faranta wa kanti ba. Filin kamfani ya yi kaɗan, Mai Walda kuma ya ce shi walda aka ɗauke shi, ba kiwon tishu ba, don haka aikin ya dawo gida. Da farko a babban yatsan ƙafarsa yake zura naɗin, ya miƙe ƙafa, ya yi ta ja yana naɗewa a falo. Naɗin ya riƙa zamewa yana shigewa ƙarƙashin kujera, shi kuma yana binsa da rarrafe, ga baya ya fara ciwo.

Wata Asabar Malama ta gaji da tsallake farar takarda a hanyarta ta zuwa kicin. Ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko guduma a jakarsa, ta auna daidai tsayin kafaɗarsa in yana zaune, ta buga ƙusar a bangon baranda. Ta ɗan ɗaga mata kai sama don kada abu ya zame. Ta zura naɗi, ta miƙa masa bakin takardar.

Ya ja. Naɗin ya juya lafiya lau, bai faɗi ba. Ya daɗe yana kallon abin.

"Wannan ba a banɗaki take ba," in ji shi.

"Ban ce a banɗaki take ba."

"Kayan aiki ce. In wani ya tambaya, kayan aiki ce."

"To, Injiniya. Ɗaga ƙafarka in share."

Duk wanda ya bi ta layin da la'asar zai gan shi a barandar, fensir a bayan kunne, guntun kyandir a gefe, yana ja yana naɗewa. Kwalin Dattijo yana kan taga. In ka tsaya kuka gaisa zai ba ka kujera, ya miƙo maka bakin takardar ka riƙe masa.